Dartmoor ko North York Moors: ina za a kai yara su taka ƙasa?

An idar da sallar Juma'a muna laluben takalma a bakin ƙofa, sai wani ƙanenmu da ya zo Ingila aikin jinya ya riƙo hannuna. Ya ce, "Yaya, hutu ya matso, kuma wallahi yaran nan sun ishe ni. Daga talabijin sai waya. An ce kuna kai naku daji, wanne za mu je?" Yaransa uku ne, babbar tana shekara 9, autan bai cika 3 ba, ga surukarsa ta zo daga gida za ta yi wata biyu. Na ce masa wannan magana ta fi ƙarfin tsayuwar bakin masallaci. Wurare biyu na sani da ƙafata, Dartmoor da North York Moors, kuma su zan jera.

Sai an fara gyara tunani tukuna. Bahaushe in ya ji an ce gandun daji, Yankari ke faɗo masa: ƙofar shiga, tikiti, giwaye, mota da ɗan rakiya. Na Ingila ba haka suke ba. Ba ƙofa, ba shingen da ya kewaye su, ba kuɗin shiga sai dai na ajiye mota. Mutane na zaune a ciki da ƙauyukansu da gonakinsu, kuma yawancin ƙasar ta masu ita ce, ba ta gwamnati ba. Abin da doka ta ba mai yawo shi ne damar takawa da ƙafa a hanyoyin da aka ware da kuma buɗaɗɗun filaye. Shi kuwa abin da suke kira moor, tudu ne shimfiɗaɗɗe, bishiya sai jefi-jefi, ƙasarsa baƙa mai riƙe ruwa kamar soso, ciyayi gajeru, iska ba ta hutawa. Wanda ya taɓa hawa Mambila ya ga yadda ido ke tafiya ba abin da ya tare shi, ya ƙara sanyi da yayyafi a kai, ya kusa gane wurin.

Dartmoor na yankin Devon ne, can kudu maso yamma. An ayyana shi gandun ƙasa a 1951, faɗinsa murabba'in kilomita 954, kuma ƙololuwarsa, High Willhays, ta kai mita 621. North York Moors yana arewa maso gabas, tsakanin York da Middlesbrough da teku. Shekara ɗaya ya biyo bayan Dartmoor, a 1952. Ya fi shi faɗi, murabba'in kilomita 1,436, amma bai kai shi tsawo ba, domin inda ya fi ko'ina tudu mita 454 ne. Waɗannan alƙaluma ba su za su zaɓar maka ba. Tafiyar iyali da ƙafar ƙarami ake auna ta, sannan da tambaya guda: in ruwa ya kece da ƙarfe 11 na safe, ina za ku nufa?

Abin da na koya da wahala shi ne yaro ba ya tafiya don kallon kyan wuri. Kai ne za ka tsaya kana "tabarakallah", shi yana ja maka riga yana "Abba, mun kusa?" Yaro sai ya hango abin da zai je ya taɓa, ko ya hau, ko ya jefa wa dutse. A nan Dartmoor ya yi zarra. Kusan kowane tudu yana ɗauke da tulin duwatsu a kansa, sama da 160, waɗanda suke kira tor. Duk wanda ya san hanyar Riyom zuwa Jos, inda duwatsu suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su, ko ya yi wasa a gindin Kufena, zai ji kamar ya haɗu da ɗan garinsu a baƙon wuri. Dangantakar ma ta wuce kama. Irin dutsen ɗaya ne, kuma kamar yadda aka haƙi kuza a Jos haka aka yi ɗaruruwan shekaru ana haƙar ta a Dartmoor. Ramukan da tsibin ƙasar suna nan, ciyawa ta rufe su.

Haytor ne wurin farawa. Daga wurin ajiye motoci na sama zuwa gindin dutsen bai wuce tafiyar minti 15 ba, a kan gajeriyar ciyawar da tumaki suka aske ƙwal. Ranar da muka fara zuwa, autarmu tana shekara 4. Tun daga gida take ƙorafi, ta ƙi takalmi, ta ƙi hula. Ana buɗe mata ƙofar mota ta hango dutsen, ba ta ko waiwayo ba. Mu ne muka koma bin ta muna haki. A jikin dutsen akwai matakalar da aka sassaƙa tun zamanin da, sai dai ba shinge a sama, kuma iska na iya ture babba balle yaro. Hawa ƙololuwa na 'yan shekara 8 ne zuwa sama, hannu cikin hannu. Ƙanana kuwa ƙasan ma ya ishe su, akwai lunguna da tsaguna na ɓuya da za su cinye awa guda ba su sani ba.

Kada a juya daga nan. A bayan dutsen akwai tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya taru a ciki ya zama kududdufi, iska ba ta isa wurin, nan muke shimfiɗa tabarma mu buɗe kula. Gaba kaɗan kuma akwai abin da ban taɓa ganin irinsa ba: layin dogo na dutse. A 1820 aka shimfiɗa shi don sauko da duwatsun gini, kuma maimakon ƙarfe, dutsen aka sassaƙa aka jera shi layi biyu, dawakai na jan amalanke a kai. Har mararrabar da layi ke rabuwa biyu tana nan. Ka ce wa yara su zama jirgi su bi layin, ka huta da "mun kusa?" na tsawon kilomita guda.

Kusa da nan Hound Tor yake, wanda a ganina ya fi Haytor daɗin wasa domin duwatsunsa sun bazu, ba dole sai an hau sama ba. A gangarensa akwai kufai, ƙauyen da ya watse wajen shekara 600 da suka wuce. Gindin bangon gidajen na nan, ana gane ƙofa, ana gane murhu. Gida ɗaya ne dogo, mutane a ɓangaren tudu, shanu a ɓangaren gangare don fitsarinsu ya gangara waje. Babban ɗana ya daɗe tsaye a bakin wata ƙofa yana tambayar inda mutanen suka tafi. In yaranka masu irin wannan tambaya ne, akwai Grimspound, inda da'irar gidaje 24 na zamanin tagulla ke cikin ganuwar dutse, sun haura shekara 3,000.

Mai neman ruwa da inuwa ya nufi Postbridge, tsakiyar dajin. Akwai tsohuwar gada ta manyan falalen duwatsu da aka ɗora a kan ginshiƙai, a kan kogin East Dart, kuma kusa da ita dajin Bellever yake, mai bishiyoyi da faffaɗan hanyoyi da bakin rafi inda yara ke tsoma ƙafa. Mai keken tura jariri kuwa zaɓinsa a Dartmoor kaɗan ne. Akwai kewayen madatsar Burrator, wadda aka gama a 1898 don shayar da Plymouth, wajen kilomita 6, amma titi ne da motoci ke bi. Akwai kuma Granite Way, tsohon layin dogo da aka mayar hanyar ƙafa da keke, kilomita 18 daga Okehampton zuwa Lydford, ba sai an ƙure shi ba, a je gadar ƙarfe ta Meldon a dawo. Sauran wuraren goyo ya fi keke nesa ba kusa ba. Na sha ganin Turawa biyu suna kokawar ɗaga keke a matakalar tsallake shinge, uwargida ta zo da zaninta da majanyi ta wuce su sumul.

To, ga inda gizo ke saƙar. Dartmoor ne ke fara tarar gajimaren da ya taso daga tekun Atilantika. Garin Princetown da ke tsakiyarsa na samun ruwa kusan milimita 2,000 a shekara, wajen ninki biyu na Kano, kuma ba shi da damina da rani, ko yaushe ya ga dama ya zubo. Ruwan ma da sauƙi a kan hazo. Wata rana mun taso daga wani tudu da rana tarwai, mota na ƙasa muna hangen ta. Na sunkuya ɗaure wa yarinya igiyar takalmi, ina ɗagowa na nemi mota na rasa, na nemi dutsen da muka baro na rasa. Fari fat ko'ina, ba ka ganin abin da ya wuce taku 20. Uwargida ta ce, "Abban yara, ka dai san hanya ko?" Na ce na sani, alhali cikina ya ɗuri ruwa. Bangon dutse muka samu muka bi har ya kai mu titi, nesa da inda muka bar mota. Tun ranar ba na fita sai da taswirar takarda, mai lamba OL28, domin waya na rasa sabis a kwaruruka da yawa.

Ga kuma taɓo. Inda ka ga ciyawa ta yi kore shar fiye da na kewaye, ta yi sumul kamar darduma, nan ne ba a takawa, ƙafa na nutsewa har gwiwa. Sannan arewacin dajin filin atisayen soja ne, kashi uku: Okehampton, Merrivale da Willsworthy. An kafa turaku masu ja da fari a iyaka. In an ɗaga jar tuta da rana, ko an kunna jar fitila da dare, ana harbi da harsashi na gaske. Ana wallafa ranakun tun kafin lokaci, kuma galibi a watan Agusta ba a yi. Duk wuraren da na lissafa na yara ba sa cikin filin, amma wanda ya sauka a Okehampton ya ce zai hau Yes Tor dole ya duba.

Hanyoyin Devon su ma jarrabawa ce. Da an bar babban titi sai lungu mai ɗaukar mota ɗaya, bangon ƙasa da ciyayi dama da hagu sun fi mota tsawo. In kuka yi kiciɓis da wata motar, ko tarakta, wani zai yi baya har inda aka ɗan faɗaɗa. Wanda bai iya ribas ba zai koya a ranar. A saman tudu kuma iyakar gudu mil 40 ce a awa, saboda dabbobi sake suke. Tumaki na kwanciya a tsakiyar kwalta don ɗuminta. Ƙananan dawakan nan irin ƙuru, da ake buga hotonsu a tambarin gandun, duk suna da masu su, kiwon sake ne kawai. Doka ta hana ba su abinci, domin hakan ke jawo su bakin titi mota ta kaɗe su, kuma suna cizo suna harbi. Yara za su yi magiya, a dake.

North York Moors wani hali ne da shi daban. Tudunsa shimfiɗe yake kamar faifai, dutsen hawa sai an nema, kuma in gaskiya za a faɗa, tsakiyar filin na gundurar yaro. Wata goma na shekara launinsa ɗaya ne, ruwan ƙasa mai duhu. Sai daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba, lokacin da ciyawar nan mai ɗan itace da suke kira heda ta yi fure. Nan fa gani ya kori ji. Tudu bayan tudu ya rine shunayya har iyakar ganinka, iska na ƙamshin zuma. Yana cikin filayen heda mafi girma a Ingila, kuma an yi dace lokacin ya faɗo a makonnin ƙarshe na dogon hutu. Dartmoor ma na da heda, amma ba a jera su. Lokacin ne kuma ake buɗe farautar wani tsuntsu dangin makwarwa, daga 12 ga Agusta, don haka za a iya jin ƙarar bindiga, ko a tarar an rufe wani fili na kwana ɗaya.

Ƙarfin wannan gandu a gefunansa yake da kwarurukansa, kuma ya fi tausayin mai rauni. Shekarar da Hajiyarmu ta zo, gwiwa na damun ta, Sutton Bank muka kai ta. Mota ce ke yin hawan, kuma hawa ne na gaske, har an hana masu jan tirelar kwana bin titin. Hajiya ta yi ta salati a baya har muka kai. A sama akwai cibiyar baƙi da banɗaki da wurin shan shayi, sai hanya shimfiɗaɗɗiya da ke bin bakin tsauni, keken jariri na bin ta lafiya lau. Zuwa da dawowa wajen kilomita 5 ne in an je har wurin farin dokin Kilburn, hoton doki ƙato da wani malamin makaranta da ɗalibansa suka zana a jikin tudu a 1857. Hajiya ba ta ƙarasa ba. Ta samu benci ta zauna da carbinta, ƙasa ta buɗe a gabanta, gonaki kamar an shimfiɗa atamfofi, ga jirage marasa inji na tashi daga filin da ke gefen hanya suna shawagi shiru kamar shirwa. Ta ce, "Ku je ku dawo, ni nan ya yi min." Abin lura ɗaya: gefen hanyar rami ne mai zurfi, ba ko'ina ke da shinge ba, a riƙe hannun mai gudu.

Amma in aka ce in zaɓi tafiya ɗaya tak ta iyali a gandun biyu duka, wadda ke tsakanin Goathland da Grosmont zan ɗauka. Kilomita 5 da rabi ce, a kan asalin layin dogon da George Stephenson ya tsara aka buɗe a 1836, lokacin dawakai ke jan taragu. A fara daga Goathland, domin ta nan gangara ake yi. Da farko za a sauka wata doguwar gangara inda a da igiya ke jan taragu sama, a faɗa ɗan ƙauyen Beck Hole, daga nan kuma hanya ta miƙe a bakin rafi, ƙarƙashin bishiyoyi. Kuna cikin tafiya za ku ji kukan jirgi daga cikin kwari, hayaƙi ya turnuƙe sama da bishiyoyi. Jirgin kwal ne, irin wanda kakanninmu suka hau daga Kano zuwa Ikko. An rufe layin da jirgin ke bi a 1965, masu sa kai suka farfaɗo da shi a 1973, yanzu yana zirga-zirga kilomita 29 tsakanin Pickering da Grosmont, wasu jiragen har Whitby. Dabarar ita ce a taka da ƙafa zuwa Grosmont, a leƙa shagon da ake gyaran injuna, a hau jirgi a koma inda aka bar mota. Yaron da aka yi wa alƙawarin jirgi ba ya cewa a ɗauke shi. Tikitin ba arha, gara a sani tun daga gida, kuma jirgin ba ya aiki kullum a lokacin sanyi. In fari ya yi tsanani sukan sa injin dizal don gudun tartsatsi, kada a yi wa yaro rantsuwa a kan hayaƙi.

Sauran zan bi su da sauri. Mai son hawa yana da Roseberry Topping, mita 320, tudu mai tsini da gefensa ya zaftare a 1912. Gajere ne amma a tsaye yake, ɗan shekara 6 mai kuzari zai iya. Hole of Horcum wani ƙaton kwari ne kamar ƙwarya a gefen titin Pickering zuwa Whitby, zurfinsa mita 120. Tatsuniyar yankin ta ce wani ƙato ne ya damƙi ƙasa ya jefi matarsa, gaskiyar kuwa idanun ruwa ne suka yi ta zaizayar ƙasa a hankali. Kallonsa daga bakin titi kyauta ne, zagaya shi kuma wajen kilomita 8, na manyan yara. Falling Foss ruwa ne mai zubowa daga kan dutse a cikin kurmi, da rafi marar zurfi na wasa. Mallyan Spout ya fi shi tsawo, mita 21, amma duwatsun hanyarsa na da santsi, ban ba mai goyo shawara ba.

Sai babban abin da Dartmoor ba shi da shi: teku. North York Moors na da gaɓa ta kilomita 42. Wannan ce amsar tambayar ƙarfe 11. In hazo ya rufe tudu, cikin rabin awa kun gangara Robin Hood's Bay ko Staithes, ƙauyukan masunta masu lunguna kamar na cikin birni. In ruwa ya janye, yara na tsintar ƙaguwa a kududdufan dutse, wani lokaci har da dodon koɗin da ya zama dutse tun miliyoyin shekaru. A duba lokacin cikowar teku, kuma kada a zauna a gindin gaɓa domin tana zubowa. In teku ce ta yi hazo, wanda takan yi ko a tsakiyar zafi, sai a koma dajin Dalby. Kullum akwai mafita. Devon ma na da bakin teku masu kyau, har sun fi ɗumi, sai dai fita ce ta daban, ba cikin gandun ba. Yankin gabas bai kai Dartmoor ruwa ba, amma iskarsa ta fi cizo.

Wanda ba shi da mota, maganar ta kusa yanke kanta. Daga Leeds ko York akwai bas mai lamba 840 da ke ratsa Pickering da Goathland har Whitby, a hau bene a zauna gaba. Akwai kuma jirgin ƙasa daga Middlesbrough zuwa Whitby da ke tsayawa a Danby da Grosmont, ko da yake ba su da yawa a rana. A Dartmoor an sake buɗe layin Exeter zuwa Okehampton a Nuwamban 2021, tafiyar minti 40, kuma Granite Way daga bakin tashar take farawa. Amma Haytor da Hound Tor da Postbridge, wato wuraren da suka sa ake zuwa, kai yara can ba mota wahala ce. Daga Landan nisan kusan ɗaya ne, jirgi na kai wa York cikin awa biyu, Exeter kuma ya ɗan ɗara. Mazaunin Bristol ko Plymouth ko Cardiff, Dartmoor ne a ƙofarsa. Na Leeds, Bradford, Hull ko Newcastle ba shi da dalilin ƙetare ƙasa da yara a mota.

Batun ciki da salla. A cikin gandun biyu duka kada a sa ran naman halal, a yi guzuri daga gari. Middlesbrough na da shaguna da masallatai da dama, York ma akwai masallaci, haka Exeter da Plymouth. Mun fi kama gida mai kicin, a dafa dafa-duka da safe a zuba a kula, a cika fulas da shayi mai citta. A Yorkshire a yi hattara da kifi da dankalin nan da kowa ke yabo, shaguna da yawa da kitsen shanu suke suya, wasu kuma na kwaɓa fulawar da giya. A tambaya, ba sa jin haushi. A Devon abin da ba ya da matsala shi ne shayinsu na la'asar, da ɗan burodi da kirim mai kauri da jam. Salla kuwa, a sa buta da dadduma a jaka. Mun sha yin ta a bayan dutse, tumaki na kallon mu suna tuƙa, ba wanda ya taɓa ce mana kanzil. Ba kasafai za ka ga baƙar fata a can ba, amma al'adar masu yawon tudu ce duk wanda kuka haɗu ya gaishe ka, abin da ba ka samu a titin Landan. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, a hutun ƙarshen Oktoba kuwa, da an mayar da agogo baya, kafin 5 duhu ya kawo kai.

Akwai abubuwan da ba su bar ko ɗaya ba. Kaska na nan a cikin dogayen ciyayi, ƙanana ƙwarai, ba irin ƙosassun da muke cirewa a kunnen sa ba, kuma wasu na ɗauke da cutar da ake kira Lyme. A cusa ƙafar wando cikin safa, mai doguwar riga ta sa wando a ciki. Da dare a duba bayan kunne da hammata da bayan gwiwar kowane yaro. In an gani a cire da matsefata, a kama daf da fata a ja a hankali, ban da kananzir, ban da wuta. In jan zobe ya fito a wurin bayan kwanaki, a ga likita. Akwai maciji mai dafi iri ɗaya, dangin kububuwa, mai gudun mutane, cizonsa ba kasafai yake kisa ba amma na asibiti ne. Sai wuta. Na san mu da son gashi, amma a bar abin gasa nama a gida. Ƙasar nan in ta bushe ita kanta ci take, ta ƙarƙashi. Gobarar da ta tashi a Langdale Moor, cikin North York Moors, a Agustan 2025 ta yi makonni ana fama da ita. Rigar ruwa ga kowa, ko da gari ya waye garau, da takalmi mai kama ƙasa. In an shiga matsala a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce masu ceto a tsauni ake so.

Da yara sun tasa, ma'aunin na komawa wajen Dartmoor. Can ne ake da wasan neman akwatunan da aka ɓoye a ƙarƙashin duwatsu, kowanne da hatimi da ɗan littafi, ka buga hatiminsa a littafinka ka bar naka. Tun 1854 aka faro shi, lokacin da wani ɗan rakiya mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool. Can ne kuma doka ta yarda mutum ya goya ɗan tantinsa ya kwana a fili ba tare da neman izini ba, abin da Kotun Ƙoli ta tabbatar a Mayun 2025 bayan wani mai ƙasa ya ƙalubalanta. Da sharaɗi: wuraren da aka nuna a taswirar hukumar gandun kawai, dare ɗaya ko biyu, nesa da titi, ba hura wuta. North York Moors ba shi da wannan, sai dai yana da duhun dare, an ba shi shaidar haka a 2020, kuma yaron da aka haifa a Manchester zai iya ganin taurari irin na tsakar gidan kakarsa a ƙauye.

Da na sake haɗuwa da ƙanen nan namu, ban yi masa kwana-kwana ba. Mai ɗan shekara 2 da tsohuwa da kuma 'yar shekara 9 da ke buƙatar abin burgewa, North York Moors ne nasa, a makon ƙarshe na Agusta, su sauka kusa da Pickering. Rana ɗaya Sutton Bank saboda Hajiya, rana ɗaya Goathland da jirgi, rana ɗaya teku, ta huɗun a bar wa sama ta zaɓa. Dartmoor ya jira sai autan ya kai 6, ya iya hawa dutse ya sauko da ƙafarsa. Ni kaina zuciyata na Dartmoor, ba na ɓoyewa, duwatsun na tuna min gida. Ya ce to Yaya, takalman fa, sai an saya wa kowa na musamman? Na ce na yara takalmin ruwa na roba ya wadatar, da safa biyu-biyu, kuma ya biyo gida ya ɗauki na autarmu, sun yi mata kaɗan.